Daga facaka da kuɗi zuwa lalacewar gini: asalin kalmar dilapidated

Duk mai karanta jaridun Turanci a Najeriya ya san kalmar dilapidated ko bai taɓa buɗe ƙamus a kanta ba. Ita ake liƙa wa ajin firamaren da iska ta yaye wa kwano, da ɗakin shan maganin da tagoginsa suka ɓaɓɓalle, da barikin da bangonsa ya tsattsage. Amma idan ka tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram ka ɗauki jaridar Faransanci, za ka ci karo da dilapidation, harafi da harafi irin na Turancin, kuma ba maganar gini ake yi ba. A can idan an danganta kalmar da dukiyar ƙasa, ana nufin an yi facaka da ita. Tushensu ɗaya ne. Faransanci ya riƙe ma'anar farko, Turanci ne ya kauce, kuma ta kotunan coci ya bi ya kauce, a kan rigimar wanda zai biya kuɗin gyaran rufi.

Kalmar daga harshen Latin take, kuma gaɓoɓinta a fili suke. Lapis shi ne dutse. Idan kalmar ta sauya siffa a cikin jimla, harafin d yakan fito, kamar a lapidis, daga nan aka gina aikatau lapidare, wato jifa da duwatsu. Sai aka ɗora masa ɗafa-goshi dis, mai ma'anar warwatsewa ko rarrabuwa. A Latin wannan s ɗin yana faɗuwa idan ya haɗu da l, shi ya sa aka samu dilapidare, kamar yadda aka samu dilute da diligent. Wannan ne dalilin da ya sa rubuta ta da e, a ce delapidated, kuskure ne, duk da yawan masu yin hakan. Kunne ne ke yaudarar hannu, saboda wasalin farko ba ya fita sosai a baki, kuma mutane sun saba da kalmomin ɓarna masu farawa da de, irin su destroy da decay. Nauyin furuci yana kan gaɓa ta biyu, wato lap. A sunan kuma, dilapidation, nauyin yakan koma kan gaɓar da ke gab da ta ƙarshe.

To me Rumawa ke nufi da dilapidare? Watsar da abu kamar mai watsa tsakuwa. Kuma abin da aka fi watsarwa a maganarsu kuɗi ne. Tsohon misalin da ƙamusoshin Latin ke kawowa yana cikin wasan kwaikwayon Phormio na Terence, marubucin da aka haifa a Afirka ta Arewa aka kai shi Rum yana bawa. An fara nuna wasan a shekara ta 161 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ciki wani dattijo yana ce wa ɗan'uwansa su yi maza su nemo mutumin da suka ba kuɗi kafin ya watsar musu da mina 30. Mina ma'aunin azurfa ne, kuma a cikin wasan mina 30 ɗin nan kuɗin sayen baiwa ne sukutum, ba ƙaramar dukiya ba. Babu gini a maganar, babu bango. Daga baya, a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, marubucin harkar noma Columella ya yi amfani da kalmar ga ƙanƙarar da ke faɗowa daga sama tana lalata wahalar mutane da ta shanun huɗa. A nan jifan ya fito sarai, amma har yanzu ba a zo kan gini ba.

Coci ne ya kawo ta kan gini. A dokokin cocin Turai na tsakiyar zamani, dilapidatio laifi ne mai suna, wanda ake iya tuhumar bishop ko shugaban gidan 'yan zuhudu da shi har a tsige shi: ya sayar da gonakin coci, ya jinginar da kayan azurfa, ya raba wa danginsa abin da ba nasa ba. Da wannan ma'anar kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 15, a bakin malaman coci da lauyoyi. Aikatau dilapidate ya biyo baya a ƙarni na 16. Siffar da muka fi sani yau, dilapidated, sai wajen farkon ƙarni na 19 ta zama ruwan dare.

Sai an fahimci yadda limamin coci ke rayuwa a karkarar Ingila kafin a ga inda ma'anar ta juya. Idan aka naɗa shi, ana ba shi gida, da gonakin coci, da ushirin amfanin gonar mutanen yankin. Yana riƙe da su har mutuwa, amma ba mallakinsa ba ne, ba zai bar wa 'ya'yansa gado ba. Amana ce da zai miƙa wa wanda zai gaje shi a kujerar. Idan shi ne mai karɓar babban ushiri, gyaran sashen gaba na cocin, inda bagadi yake, yana wuyansa, sauran zauren kuma na jama'ar gari ne. To ga mutum ya tsufa, kuɗin shigarsa kaɗan, ya san ba ɗansa ne zai zauna a gidan ba. Me zai sa ya sauya rufi? Sai ya bar shi yana yoyo, ya sare itatuwan gonar coci ya sayar da katako, ya ci kuɗin da ya kamata ya zuba a gyara. A idon doka, cinye dukiyar coci da barin ginin coci ya zube laifi ɗaya ne, domin duka biyun tauye rabon na baya ne. Kalma ɗaya ta ɗauki duka biyun, kuma da yake rufin da ya rufta shi ne abin da ido ke gani, shi ya rinjaya. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma da wannan ma'anar ya fassara dilapidation: limami ya bar gine-ginen da ke hannunsa su lalace saboda ƙin gyara, ko ya yi ɓarna da gangan a itatuwa da sauran kadarorin coci.

Sabon limami yana da ikon kai ƙarar wanda ya gada, ko masu kula da gadonsa idan ya rasu. Wannan ya haifar da dabaru. Wasu sukan rarraba dukiyarsu ga dangi kafin mutuwa don kada a samu abin kamawa, har sai da majalisa ta yi doka a 1571, zamanin Sarauniya Elizabeth ta 1, don toshe wannan ƙofa. Ya kuma haifar da tausayi, domin sau da yawa matar mamaci ce ake cewa ta fita daga gidan, sannan a bi ɗan abin da mijin ya bari da bashin gyara. Kotuna sun yi ta auna iyakar nauyin. A shari'ar Wise da Metcalfe ta 1829 aka yanke cewa limami zai riƙe gida da sashen cocin da ke wuyansa cikin ƙarfi da inganci, ya sake gina abin da ya faɗi bisa siffarsa ta asali, amma ba a bin sa kuɗin ƙawa. Shafa farar ƙasa, liƙa takardar ado a bango, da fenti ba sa cikin lissafi, sai fentin da ke kare katakon waje daga ruɓewa. Wannan bambanci tsakanin gyara da ƙawata yana nan da ransa a dokar haya har gobe.

A 1871 aka yi doka ta musamman a kan lamarin. Kowace diyosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop ɗaya, ta samu ƙwararren mai duba gini. Idan kujera ta zama babu kowa, ya je ya duba, ya rubuta abin da ya lalace da kuɗin gyaransa, adadin ya zama bashi a kan tsohon limami ko gadonsa. Kuɗin ba aljihun sabon limami suke zama ba. Ana ajiye su a asusun nan mai suna Queen Anne's Bounty, wanda aka kafa a 1704 don tallafa wa limamai matalauta, ana fitarwa yayin da aiki ke tafiya. Wanda ya kammala gyara ya karɓi takardar shaida yana samun kariya ta shekara 5. A 1923 aka koma tsarin duba gidajen duk bayan shekara 5 tare da biyan kuɗin gyara kaɗan-kaɗan kowace shekara, sannan a 1972 aka sauke nauyin daga kan limamai gaba ɗaya aka ɗora wa hukumar diyosis. Sai da aka ɗauki ƙarnuka kafin a yarda cewa mutum ɗaya mai ƙaramin samu ba zai iya riƙe babban tsohon gida ba.

Akwai wani abin da ya taimaka wa sabuwar ma'anar ta kafu. Masu ilimin Ingila na wancan zamani sun san Latin, suna ganin dutse a tsakiyar kalmar, kuma ƙasarsu cike take da gine-ginen da aka kwashe wa duwatsu a zahiri. Tsakanin 1536 da 1541 Sarki Henry na 8 ya rufe gidajen 'yan zuhudu na ƙasar, ɗaruruwansu. Abin da ake fara cirewa shi ne dalmar rufi, a narke ta a sayar, sai ƙararrawa, sai katako. Bangon da ya rage ya zama wurin ɗibar dutse ga maƙwabta. A gidan 'yan zuhudu na Fountains da ke yankin Yorkshire, wanda aka rufe a 1539, an gina wani babban gida a gefensa da wani ɓangare na duwatsunsa. Wanda ya tashi yana ganin irin wannan, idan ya ji dilapidate, abin da zai zo masa shi ne dutse yana barin ɗan'uwansa.

Wannan ya kai wasu ga wuce gona da iri. Marubucin Amurka Ambrose Bierce, a ɗan littafinsa na gyaran Turanci na 1909, ya ce bai halatta a kira gini dilapidated ba sai in na dutse ne. Ban yarda da shi ba, kuma tarihin kalmar ma bai goyi bayansa ba. Dutsen da ke cikinta na jifa ne da watsarwa, ba na gini ba, kuma abin da aka fara watsarwa azurfa ce. Gidan katako, gidan ƙasa, tsohuwar mota, kujera, duk Bature zai kira su dilapidated ba tare da ya yi kuskure ba.

Abin da kalmar ta riƙe da gaske daga tarihinta shi ne zargi. Dilapidated ba ta dace da ginin da bam ya tarwatsa ba, ko wanda ambaliya ta share a dare ɗaya, ko wanda hukuma ta rusa da katafila. Tana nufin ginin da yake tsaye, sau da yawa ma ana amfani da shi, amma ya lalace a hankali domin wanda ya kamata ya kula da shi bai kula ba. Nan ta bambanta da maƙwabtanta. Ruined ta fito daga aikatau na Latin mai ma'anar faɗuwa, kuma tana nufin abin ya gama, ba ya amfanuwa. Derelict daga barin abu take, ginin da aka ƙaurace wa, ko da bangonsa lafiya lau. Decrepit ta fi karkata ga tsufa, shi ya sa ake faɗin ta ga mutum. Saboda haka mai fassara labari zuwa Hausa ya yi hattara. Idan ya ce makarantar ta rushe, ya ƙara gishiri, domin yara na ciki suna karatu. Kufai wurin da aka tashi aka bari ne. Kango ya fi kusa idan rufi ya tafi kuma babu kowa a ciki. Mafi yawan lokaci abin da ya dace shi ne a ce ginin ya lalace saboda rashin gyara, ko an bar shi ya lalace, domin wannan “an bar shi” ɗin shi ne ran kalmar. Mai fassara daga Faransanci kuma ya nufi wajen almubazzaranci da facaka, kuma ya lura da ɗafa-goshin da kyau, domin lapidation ba tare da di ba, jefe mutum ne.

Dokar Ingila ta daɗe da raba ɓarnar mai riƙon kadara gida biyu: wadda ya yi da hannunsa, kamar rushe bango ko sare itatuwa, da wadda ya zuba ido ta faru. Tun 1267 Dokar Marlborough ta hana ɗan haya yin ɓarna, ta Gloucester kuma a 1278 ta sa a biya ninki uku na asarar. Kashi na biyun, ɓarnar zuba ido, shi ya fi cin gine-gine, kuma kusan kullum ruwa ne makaminsa. Abin yakan fara ne daga sama. Faifan dutse ɗaya na rufi ya zame saboda ƙusarsa ta yi tsatsa, ko ganyen kaka ya toshe magudanar ruwan rufi. Wanda ya san abin da toshewar indararo ke yi wa soro a watan Agusta ya riga ya gane sauran. Ruwa ya daina fita waje, ya koma bin bango. Kan katakon da ke riƙe da rufi, inda ya shiga cikin bango, shi ke fara jiƙewa. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba yana iya shekaru ɗaruruwa, amma da zarar ya haura haka ya zauna, funfuna mai cin itace ta samu wurin zama. Akwai nau'inta da ke miƙa zare ta cikin bulo da filasta ta je ta kama katakon wani ɗakin, shi ya sa masu gyara ba sa tsayawa a inda ido ya ga ruɓa, sai sun bi ta har inda ta ƙare, kuma sai sun tsayar da ruwan tukuna.

A ƙasa mai sanyi akwai ƙarin masifa. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, don haka wanda ya shige ƙofofin dutse da rana yakan fasa fuskarsa da dare, hunturu bayan hunturu. Maginan zamanin da sukan ɗaure manyan duwatsu da ƙarfe; idan danshi ya kai gare shi, tsatsar tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi sau da yawa, sai ta tsaga dutsen daga ciki. Gyaran jahilci ma yana ƙara ta'azzara lamarin. Tsofaffin gine-ginen an ɗaure su ne da kwaɓin farar ƙasa da yashi, mai laushi, mai barin danshi ya fita ta tsakanin duwatsu. Idan aka cike tsakanin da siminti, wanda ya fi dutsen tauri kuma ba ya numfashi, danshin sai ya nemi hanya ta jikin dutsen, dutsen ya riƙa marmashewa simintin yana tsaye. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877 ta gina koyarwarta a kan kulawar yau da kullum maimakon babban gyara bayan an makara, kuma tun 1955 dokar Cocin Ingila ta wajabta a duba kowane cocinta duk shekara 5.

Yau, a Ingila da Wales, idan ka ji kalmar da s a ƙarshe, dilapidations, to maganar kuɗi ce tsakanin mai gini da ɗan hayan shago, ofis ko sito. Masu sana'ar sukan gajarta ta su ce dilaps. Ba ta cika shafar hayar gidan zama ba, domin doka ta ɗora gyaran jikin gini da wajensa a kan mai gida idan hayar ba ta kai shekara 7 ba. A hayar kasuwanci kuwa, yawanci ɗan haya ne ke sa hannu cewa zai gyara komai. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Alkawarin riƙe gini cikin gyara, a fassarar kotu, ya haɗa da gyara abin da ka tarar a lalace ranar da ka shiga. Wanda ya karɓi sito mai tsohon rufi bai yi wani tanadi ba, zai iya biyan kuɗin rufin da ba shi ya lalata ba. Maganinsa shi ne tun kafin sa hannu a sa ƙwararre ya rubuta halin da ginin yake ciki, ɗaki bayan ɗaki, da hotuna, a haɗa da yarjejeniyar, a kuma rubuta ƙarara cewa ba za a nemi ya mayar da ginin fiye da haka ba. Hotunan kaɗai ba sa wadatarwa idan babu wannan jimlar a cikin yarjejeniyar. Ma'aunin gyaran kuma ba sabon gini ba ne. Tun shari'ar Proudfoot da Hart ta 1890 ake duba shekarun ginin, irinsa, da unguwar da yake.

Idan haya ta ƙare, mai duba gini na ɓangaren mai kadara yakan shirya jadawali: lambar abu, sakin layin yarjejeniyar da aka saɓa, abin da ya lalace, aikin da ake bukata, da kuɗinsa. Ƙa'idar da kotuna suka ɗauka tun 2012 ta ce a aika shi cikin kwana 56 bayan ƙarewar haya, ɗan haya ya amsa cikin wasu kwana 56, sannan ɓangarorin su zauna cikin kwana 28 bayan amsar. Amsar takan bi jadawalin layi-layi, kowa da gurbinsa, don alƙali ya ga inda aka yarda da inda aka saɓa. Ana iya ƙara kuɗin ƙwararru da hayar da aka rasa a lokacin gyara. Abin da ya fi jawo gardama shi ne cusa ingantawa a cikin gyara, misali a nemi sabuwar na'urar sanyaya ɗaki alhali tsohuwar tana gyaruwa, da kuma bangayen raba ofis da ɗan haya ya kafa ya manta yarjejeniya ta ce ya cire su kafin ya fita.

Jimlar da ke ƙasan jadawalin ba lallai ita za a biya ba. Sashe na 18 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1927 ya sa iyaka: diyyar rashin gyara ba za ta wuce yawan abin da darajar kadarar ta ragu da shi ba. A ce gyara zai ci fam 100,000, amma masu kimanta kadara suka nuna cewa mai saye zai rage fam 40,000 ne kawai saboda lalacewar. Fam 40,000 mai ginin zai samu. Idan kuma aka tabbatar cewa yana shirin rushe ginin, ko sauya fasalinsa ta yadda gyaran zai tashi a banza, ba ya samun ko sisi a kan wannan gyaran. Shi ya sa lauyan ɗan haya yakan fara da binciken ko mai ginin ya nemi izinin sabon gini daga ƙaramar hukuma, kuma shi ya sa ƙa'idar ta wajabta wa mai duba ginin ya sa hannu cewa ya yi la'akari da ainihin niyyar mai kadarar kafin ya rubuta adadin. Iyakar ta shafi alkawarin gyara ne kawai, ba ta rufe alkawarin cire abin da ɗan haya ya ƙara ba, kuma ba ta aiki a Scotland, inda dokar haya daban take.